Kurfoti Da Fanka Da Tsohuwar Waya: Inda Gobara Ke Tasowa A Gidajen Zango

Kowace shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Disamba, sai mu fara jin jiniyar motocin 'yan kwana-kwana a wajajen Aboabo da Asawase da Sabon Zango a nan Kumasi. Haka ma 'yan'uwanmu na Nima da Mamobi a Akra suke faɗi. Idan aka bi diddigi, sau da yawa za a tarar wutar ta taso ne daga abin da muka ajiye don jin ɗumi ko don shan iska.

Mu fara da kurfoti. Sanyin asuba yakan sa tsofaffinmu da masu jego su shigar da garwashi ɗaki su rufe ƙofa da taga. Tartsatsi ɗaya ya isa ya kama katifar soso ko gidan sauro, musamman a lokacin da komai ya bushe ƙamas. Ko wutar ba ta kama ba, gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai da jiri, kuma mai barci ba ya jin zuwanta. Saboda haka a fitar da kurfoti tsakar gida kafin a kwanta.

Amma abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne waya. Yawancin gidajenmu na haya an ja musu wuta ne tun zamanin da kowane ɗaki ƙwan fitila ɗaya ne da rediyo. Yau kuwa ga firiji, ga fanka, ga hitar dafa ruwan wanka, wani ma har da iyakwandishan, duk a kan waccan tsohuwar waya. Mu yi ɗan lissafi irin na aji. Fanka ba ta cika wuce wat 75 ba. Hita ko iyakwandishan kuwa kowanne yakan ja wat 1,000 zuwa 2,000. Fulogin nan mai ƙafa uku da muke amfani da shi, fiyus ɗinsa mafi girma amfiya 13 ne, wato kimanin wat 3,000. To, mutumin da ya jona hita da iyakwandishan da dutsen guga a kan 'yar wayar ƙari mai araha, ya wuce iyaka. Wayar za ta yi zafi, robarta ta narke.

Aikin fiyus shi ne ya ƙone kafin gida ya ƙone. Abin takaici, in ya ƙone sai wani gwani a gidan ya naɗa masa zaren tagulla ko takardar kwalin sigari, a yi ta yaba masa. Ita ma fanka, ƙurar hunturu takan toshe injinta har ta ƙi juyawa tana gunji, kuma a haka take ɗaukar zafi. In bazara ta shigo a Maris, sai a bar ta a kunne dare da rana.

Shekarun dumsor, daga 2012 zuwa 2016, sun koya mana wani darasi: in an ɗauke wuta, a kashe komai a soket kafin a fita, domin takan dawo ba kowa a gida. Gwamnati ta hana shigo da tsofaffin firiji tun 2013, amma waɗanda suka riga suka shigo suna nan a ɗakunanmu. Dokar jan waya ta 2011 kuma ta ce sai mai takardar shaida daga Hukumar Makamashi zai ja wa gida wuta. Masu gidajen haya su nemi ganin takardar.

Idan wuta ta tashi daga waya, kada a watsa ruwa. A kashe babban makunni da ke wajen mita, a fitar da yara da tsofaffi, a buga 192 ko 112. Tun da lungunanmu ba su da faɗi, a tura saurayi ɗaya bakin titi ya tsaya ya nuna wa motar hanya.