Yadda Sankarar Nono Ke Yaɗuwa A Jiki, Da Sawun Da Take Bari A Jini

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi cewa a cikin shekarar 2022 an sami mata kimanin miliyan 2 da dubu 300 da sankarar nono a duniya, kuma kimanin 670,000 suka rasu ta dalilinta. A Nijeriya kuwa, kiyasin wannan shekara ya nuna fiye da mata 32,000 ne suka kamu, fiye da 16,000 kuma suka rasu.

Galibi ba ƙarin da ke zaune cikin nonon ne yake kisa ba, domin ana iya yanke nono ɗungum mace ta ci gaba da harkokinta. Haɗarin yana zuwa ne sa'ad da ciwon ya bar mazauninsa na farko ya tafi ya kafa sansani a ƙashi, ko hanta, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa. Saboda haka ne masana suka shafe fiye da shekara 130 suna bin sawun wannan tafiya.

IRI DA ƘASA

A cikin shekarar 1889 wani likitan fiɗa na birnin Landan mai suna Stephen Paget ya duba takardun binciken gawawwakin mata 735 waɗanda wannan ciwo ya kashe. Sai ya lura da wani abin mamaki. Fiye da mata 200 ciwon ya kama musu hanta, amma waɗanda ya kama wa saifa ba su kai 20 ba, alhali kuwa jini yana ratsa saifa da yawa. Daga nan ya kawo misalin da kowane manomi zai gane: iska takan kwashi iri ta watsa shi ko'ina, amma ba ya tsirowa sai inda ƙasa ta karɓe shi.

Wani masani Ba'amurke, James Ewing, ya ja da wannan magana a shekarar 1928. A ganinsa, hanyoyin jini ne kawai ke yanke hukunci, watau inda jini ya fara yada ƙwayar ciwon nan take tsayawa. Aka daɗe ana wannan gardama har shekarar 1980, lokacin da Isaiah Fidler da Ian Hart suka dasa wa ɓeraye gutsuren huhu da na ƙoda a wani wuri dabam na jikinsu, sa'an nan suka ɗura musu ƙwayoyin sankara a jini. Ciwon ya tsiro a gutsuren huhun, ya bar na ƙodar. Yau masana sun yarda cewa kowa da gaskiyarsa: jini ne ke kai irin, amma gaɓar da ya sauka a cikinta ita ce ke ba shi masauki ko ta hana shi.

Ita kanta tafiyar mai wuya ce. Sai ƙwayar ciwon ta ɓalle daga 'yan'uwanta, ta huda bangon da ya kewaye ta, ta shiga jijiyar jini ko magudanar ruwan jiki wadda ke kaiwa ga kaluluwar hammata. A cikin jini kuma dakarun garkuwar jiki suna farautarta. Tun a shekarar 1970 Fidler ya nuna cewa cikin ƙwayoyi 100 da aka ɗura wa ɓera, da ƙyar guda take kwana da rai. Sai dai ƙari babba yakan saki ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, kuma 'yan kaɗan da suka tsira sun isa su jawo ɓarna.

Wani abin tsoro shi ne, ƙwayar takan laɓe cikin ɓargo ta yi barci shekara da shekaru. A shekarar 2017 aka buga sakamakon bin diddigin mata kusan 63,000 waɗanda suka sha magani na shekara 5. Daga shekara ta 5 zuwa ta 20, ciwon ya sake ɓullowa a wata gaɓa ga kashi 13 cikin 100 na masu ƙaramin ƙari wanda bai taɓa kaluluwa ba. Ga masu babban ƙari da ya kama kaluluwa da yawa kuwa, ya kai kashi 41.

SUNA ƊAYA, HALI DABAM

Bugu da ƙari, an gano cewa sankarar nono iri-iri ce. A shekarar 1895 George Beatson, wani likita a birnin Gilasgo, ya cire wa wata majiyyaciya ma'ajiyar ƙwai, sai ƙarin nononta ya motse. Daga baya aka fahimci dalili: yawancin irin wannan ƙari da sinadarin mata da ake kira isturojin yake girma. Maganin Tamoxifen, wanda hukuma ta amince da shi a Ingila a shekarar 1973, aikinsa shi ne toshe ƙofar da wannan sinadari ke shiga.

Iri na biyu shi ne mai yawan wani furotin da ake kira HER2. Dennis Slamon na Amurka ya nuna a shekarar 1987 cewa wannan ya fi saurin yaɗuwa, kana a 1998 aka fito da maganin Herceptin dominsa. Iri na uku kuwa ba ya jin ko ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, sai fiɗa da gashi da allurai masu kashe ƙwayoyin ciwon.

Wannan batu ya shafi matan ƙasar nan kai tsaye. Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago, wadda ta yi karatun likita a Ibadan, ta buga wani bincike tare da abokan aikinta a shekarar 2009 a kan majiyyata 507 na Nijeriya da Senegal. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai aka samu da irin da ke jin Tamoxifen, fiye da rabi kuma suna da iri na ukun nan. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa jinkiri wajen adana tsokar da aka yanko yakan ɓata gwajin, har adadin ya zarce gaskiya. Ko ta yaya dai, darasin a fili yake: ba majiyyaciya magani ba tare da an auna tsokar ƙarinta ba harbi ne cikin duhu.

ABIN DA JINI KE FAƊA

Tun a shekarar 1869 wani likita a Ostireliya, Thomas Ashworth, ya hango ƙwayoyin sankara cikin jinin wani mamaci ta madubin likita. Amma sai bayan fiye da shekara 100 aka sami na'urar da ke iya ƙidaya su. A shekarar 2004 aka auna jinin mata 177 waɗanda ciwon ya riga ya yaɗu a jikinsu, kowace aka ɗebi cikin cokalin shayi ɗaya da rabi. Waɗanda aka sami ƙwaya 5 ko fiye a jininsu, tsaka-tsakin kwanan da suka ƙara wata 10 ne. Waɗanda ba su kai haka ba sun haura wata 18.

Akwai kuma gwajin CA 15-3, wanda ke auna wani furotin da ƙarin ke zubarwa cikin jini. Likitoci sukan yi amfani da shi don su ga ko magani yana aiki ga wadda ciwonta ya yaɗu. Amma ba ya gano ciwon da fari, domin sau da yawa ba ya hawa sa'ad da ƙarin yake ƙarami, kuma ciwon hanta ma yakan ɗaga shi.

Sabuwar hanya ita ce neman gutsattsarin sinadarin gado, watau DNA, wanda ƙwayoyin ciwon ke saki idan sun mutu. Masana a Kambirij sun gwada wannan a shekarar 2013, suka same shi a jinin mata 29 cikin 30, alhali CA 15-3 ya nuna a 21 cikin 27. A 2015 kuma masana a Landan suka bi mata 55 bayan an yi musu fiɗa, jini ya ba da labarin dawowar ciwon kimanin wata 8 kafin ya bayyana a asibiti.

Amma fa sanin labari dabam, magance shi dabam. Wani gwaji da aka yi a Amurka, aka buga a 2014, ya nuna cewa sake wa majiyyaciya magani da wuri saboda yawan ƙwayoyin da ke jininta bai ƙara mata kwana ba. Inda aka ci riba shi ne wajen zaɓen magani, domin tun 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da gwajin jini a gane waɗanda wani magani zai dace da su.

ICE TUN YANA ƊANYE

A shekarar 2020 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashe biyar na Afirka. Cikin majiyyatan Nijeriya, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka kai shekara 3 da rai, alhali turawan Namibiya sun kai kashi 90. Manyan dalilan su ne zuwa asibiti a makare da rashin samun cikakken magani. Don haka ne a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri mai neman a kammala dukan gwaje-gwaje cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kuka asibiti.

Saboda haka duk macen da ta ji ƙullutu a nono ko a hammata, ko da ba ya zafi, ko ta ga jini yana fita daga kan nono, ko kan ya lotsa ciki, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemo, to, kada ta tsaya shafe-shafe da tsaga. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma gwajin asibiti ne kaɗai zai raba gardama. Magidanta ma nasu nauyin yana nan, domin sau da yawa izini da kuɗin mota a hannunsu suke. Kada kuma wani ya kai jininsa a auna CA 15-3, ya ga bai hau ba, ya saki jiki. Har yanzu hannun likita, da hoton nono, da tsokar da aka yanko aka duba, su ne ke tabbatar da ciwon tun bai kama hanya ba.