Abincin Guguwar Teku, da Yadda Masana Ke Gano Shi

Duk wanda ya taɓa ɗebo ruwa daga randar ƙasa da tsakar rana a lokacin bazara, ya ji sanyinsa ya ratsa masa haƙora alhali iskar ɗaki kamar bakin murhu take, to, ya riga ya riƙe rabin ilmin da za mu yi bahasi a kansa, ko da kuwa bai taɓa ganin teku ba. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa tururi yake zama, ba kuwa zai zama tururi ba sai ya ɗebi zafi daga ruwan da ya bari a ciki, ya tafi da shi a ɓoye. Zafin nan bai salwanta ba, amana ce aka ba tururi, wadda lalle zai mayar a duk inda ya sake komawa ruwa. Ba ƙaramar amana ba ce kuma, domin zafin da ake bukata kafin a mai da kwano guda na ruwa tururi ya ninka, fiye da sau biyar, zafin da zai ɗauko wannan ruwan daga sanyin ƙanƙara ya kai shi tafasa.

Sai mai karatu ya ƙaddara wata randa mai faɗin ɗaruruwan mil, wadda rana ta yi watanni tana duka, har ɗumin ruwanta ya kai digiri 26 ko 27, ba a sama-sama kaɗai ba, har zuwa zurfin mita hamsin ko kusa da haka. Wannan shi ne sharaɗin farko na mahaukaciyar guguwar tekunan zafi, irin Idai wadda ta afka wa birnin Beira na Mozambik a watan Maris na 2019. Iska takan bi bisa ruwa tana kwasar tururi, ta tattaru a wurin da nauyinta ya ragu, ta hau sama. Can kuwa sanyi ya mai da tururin gajimare, ya saki amanarsa, sai iskar tsakiya ta ƙara ɗumi da rashin nauyi, ta ƙara hawa, wadda ke ƙasa ta ƙara rugowa don ta cike gurbi, rugowar tata kuma ta ƙara kwasar tururi, har abin ya zama yana ciyar da kansa da kansa. Juyawar duniya ita ke karkatar da iskar ta riƙa kewaya, kamar yadda Bafaranshe Coriolis ya bayyana a 1835, shi ya sa da wuya a ga irin wannan guguwa ta tashi dab da ikwaita, inda karkatarwar ba ta da tasiri. A 1986 wani malami a Amurka, Kerry Emanuel, ya nuna da hujjar lissafi cewa guguwar nan inji ce sosai, wadda ke karɓar zafi daga fuskar teku ta zubar da shi a can sama, wajen kilomita goma sha biyar, inda sanyi kan kai digiri saba'in ƙasa da sifiri, kuma tazarar da ke tsakanin zafin nan da sanyin can tana cikin abin da ke yanke mata iyakar ƙarfinta. Da wannan ake fahimtar dalilin da ya sa takan yi laushi da zarar ta hau tudu, da dalilin da ya sa guguwar Katrina ta ƙara hauka a 2005 sa'ad da ta ratsa ta kan wani mashigin ruwa mai ɗumi da zurfi a Tekun Meziko.

Akwai kuma wata guguwa ta ƙasashen sanyi, irin wadda ke dukan Ingila da hunturu, wadda ba ruwanta da ɗumin teku. Ita daga saɓani take ci: iska mai sanyi da nauyi ta yi maƙwabtaka da mai ɗumi, mai nauyin ta kutsa ƙasa, mai ɗumin ta hau bisanta, faɗuwar nauyin nan ita ke komawa gudun iska. Masanin yanayi Edward Lorenz ya tsara hisabin ƙarfin da ke taskance cikin wannan saɓani a 1955. Cikin irin wannan guguwa sanyi ne, saɓanin ta farko wadda cikinta ɗumi ne.

Da a nan mas'alar ta tsaya da ba ta wahalar da kowa ba. Amma a tsakanin ƙasashen zafi da na sanyi ana samun guguwa ruwa-biyu, mai ci a gida biyu, wadda ƙasanta ɗumi ne samanta sanyi, iskarta mafi ƙarfi kuma ba a kusa da cibiya take ba, takan yi nisan mil ɗari ko fiye. An daɗe ana jayayya a kan matsayinta, har sai a 2002 cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami ta soma raɗa wa irinta suna kamar sauran. Abin da ya fi wannan wuya shi ne guguwa guda tana iya sauya abinci a tsakiyar tafiya, ta fara da saɓanin iska ta ƙare da tururi, ko akasin haka. A 2004 wata da aka kira Catarina ta yi wannan sauyi a kudancin Tekun Atilantika, inda ba a saba ganin irinta ba, ta faɗa wa kudancin Barazil.

A hoton tauraron ɗan'adam duk sukan yi kama, gajimare ne a murɗe kamar gammo. Amma Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ne. Saboda haka aikin masanin yanayi a nan aikin likita ne, wanda ba ya hukunci da zahirin fuska sai ya binciki baɗini. Yakan tambaya ko cibiyar guguwar ta fi kewayenta ɗumi, a ƙasa kaɗai ne ko har sama. Ko ɗumin ya daidaita ta kowace kusurwa, ko kuwa gefe guda sanyi ne gefe guda zafi. Sa'an nan ya nemi inda iska ta fi tsanani. Tun 1943, lokacin da wani matuƙin jirgin sojan Amurka, Joseph Duckworth, ya kutsa cikin guguwa da gangan a gaɓar Texas, ake aika jirage ciki, a yau kuwa sukan saki ƙananan na'urori masu lema, suna saukowa suna aiko da labarin zafi da laima da gudun iska. A wajejen 1970 Vernon Dvorak ya fito da hanyar ƙiyasta ƙarfin guguwa daga siffar gajimarenta, a 2003 kuma Robert Hart ya tsara wani jadawali wanda ake ɗora guguwa a kansa kullum, a ga ko tana karkata wajen ɗumi ko wajen sanyi. A ganina wannan jadawali ya fi kowane suna fa'ida, domin suna yana faɗin abin da guguwa take a yau, shi kuwa yana nuna abin da take shirin zama.

Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce kurum. A watan Oktoba na 2012 guguwar Sandy ta baro tekun zafi ta nufi arewa, inda bisa ga al'ada sanyin ruwa ya kamata ya raunana ta. Sai ta gamu da iskar sanyi daga yamma, ta sami abinci na biyu, ta buɗe har faɗin iskarta ya kai kimanin mil dubu, ta hau jihar New Jersey ranar 29 ga wata, ruwan teku ya cika hanyoyin jiragen ƙasa na ƙarƙashin birnin New York. Da yake an hango za ta fita daga ajin guguwar zafi kafin ta iso, ba a yi wa mutanen wannan yanki gargaɗi da sunan da suka fi tsoro ba, abin da ya jawo suka mai yawa, har aka gyara ƙa'idar a 2013. Mafi kusa da mu kuma mafi ciwo ita ce Daniel, wadda ta fara da ambaliya a Girka a farkon Satumba na 2023, ta gangaro bisa Bahar Rum mai ɗumi tana shan tururi har ɗabi'arta ta soma komawa ta guguwar zafi, ta zuba ruwanta a gabashin Libiya. Madatsun ruwa biyu suka ɓalle a kan birnin Darna cikin dare, aka tabbatar da rasuwar mutum fiye da dubu huɗu, ban da waɗanda ba a gano ba. Allah ya jiƙansu da rahama.

Mu da muke nesa da teku muna da hannu a wannan labari fiye da yadda galibinmu suka sani. Da damina, saɓanin da ke tsakanin zafin Sahara da sanyin gaɓar Tekun Gini yakan haifar da wata iska mai gudu daga gabas, wajen kilomita uku a sama da kawunanmu, a cikinta kuma wasu igiyoyin iska kan taso tun daga tsaunukan Habasha da Darfur, su ratsa Cadi da Nijar da arewacin Nijeriya bayan kowane kwana uku zuwa biyar, tafe da irin hadarin gabas ɗin nan da manomi ke ɗaga kai yana jira. Kimanin sittin ne a shekara. Idan suka wuce Senegal suka faɗa teku, yawancinsu sukan mutu, musamman in busasshiyar iskar hamada mai ƙura ta shige su. Kaɗan kuwa sukan bar abincin tudu su kama na teku, kuma daga waɗannan kaɗan ne mafi yawan manyan guguwoyin Atilantika ke fitowa. Sandy kanta an bi asalinta zuwa wata igiya da ta bar gaɓar Afirka ta Yamma ranar 11 ga Oktoba.

Amma tashoshin da ke tura balan-balan sama don auna iska a yankin Sahel kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na Turai, duk da ƙoƙarin hukumomi irin su NiMet a Nijeriya da cibiyar AGRHYMET a Yamai. Awon da zai amfani mutumin Miami shi ne dai zai gaya wa manomin Katsina da na Maraɗi ko hadari na tafe a makon nan. Muna kira ga hukumominmu su kula da tashoshin nan, su sama musu kayan aiki da ma'aikata, muna kuma roƙon ɗalibanmu masu kaifin lissafi su waiwayi ilmin yanayi idan sun zo zaɓen fanni a jami'a.