Yadda sunan raini ya zama fagen nazarin adabin mata a Poland

A shekarun 1990, bayan rushewar mulkin kwaminisanci a Poland, wasu matasan mata suka fito da littattafan da ke magana a fili kan jikin mace, balaga da mulkin uba a cikin gida. Daga cikinsu akwai Izabela Filipiak, Manuela Gretkowska da Olga Tokarczuk. Wasu masu sharhi suka laƙaba wa irin wannan rubutu sunan raini, wai “adabin jinin al'ada”.

Tushen wannan raini yana cikin tarihi. Daga 1795 zuwa 1918, shekara 123, babu Poland a taswirar duniya, domin Rasha, Prussia da Austria sun raba ta a tsakaninsu. A wancan zamani aka ɗora wa adabi nauyin raya kishin ƙasa, aka kuma zana mace a matsayin “Uwar Poland”, mai haƙuri, mai renon 'ya'ya maza don gwagwarmayar neman 'yanci. Macen da ta rubuta damuwar kanta sai a ga kamar ta saki layi.

Masu nazari mata ne suka ƙalubalanci wannan ma'auni. A 1996, Farfesa Maria Janion ta fitar da littafinta Kobiety i duch inności, inda ta bi diddigin yadda adabi da tarihin ƙasar suka mayar da mata gefe. A shekarar ce kuma Grażyna Borkowska ta wallafa nazarinta kan ƙagaggun labaran matan Poland, ta koma kan marubutan ƙarni na 19 irin su Narcyza Żmichowska da Eliza Orzeszkowa.

Littafin Orzeszkowa mai suna Marta, na 1873, labarin wata matashiya ce da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya, ta rasa aikin yi saboda ba a koya mata sana'ar da za ta riƙe kanta ba. Wato kukan matan 1990 ba sabon abu ba ne.

Har yau masana na muhawara kan ko akwai salon rubutu na mata zalla, ko kuwa wannan rabewa wani sabon keji ne. Ita dai Tokarczuk, ɗaya daga cikin matan wancan rukuni, ta lashe kyautar Nobel ta adabi ta 2018.