Ƙyamar ƙabila da abotar yara a Batsari da Safana

Ƙyamar ƙabila ita ce a ɗauki halin wasu mutane kaɗan a jingina wa ƙabilarsu baki ɗaya. A ƙananan hukumomin Batsari da Safana da ke yammacin jihar Katsina, an fi ganin wannan tsakanin Hausawa manoma da Fulani makiyaya, kuma yana shafar irin abokan da iyaye ke yarda 'ya'yansu su yi hulɗa da su.

Tarihin zaman tare

Ƙabilun biyu sun daɗe a cakuɗe. Tun jihadin farkon ƙarni na 19 sarautar Katsina ke hannun Fulani, kuma gidan Sulluɓawa ke riƙe da ita tun daga Sarki Muhammadu Dikko a 1906. A karkara, makiyaya kan sauka a gonaki bayan girbi don shanu su ci karmami su bar taki, manomi kuma kan ba Bafulatani amanar shanunsa ya yi masa kiwo. Ta haka yara ke sabawa da juna a kasuwa da bakin rijiya da makarantar allo. Akwai tsokana tun can: Fulani na kiran Bahaushe "Kaɗo", Hausawa kuma na bambanta "Fulanin gida" da "Fulanin daji". Amma galibi ba ta hana abota ba.

Bayan ɓarkewar rikici

Abubuwa sun sauya da satar shanu da garkuwa da mutane suka yi ƙamari a dajin Rugu, wanda ya haɗa yankin da jihar Zamfara. A watan Fabrairun 2020 an kashe kimanin mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da wasu kasuwannin dabbobi, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan biyun. Kasuwar da aka rufe kuwa ita ce mahaɗar ƙabilun biyu mafi girma.

Da yake yawancin 'yan bindigar Fulani ne, a bakin wasu sai kalmar "Bafulatani" ta koma daidai da "ɓarawon daji", alhali makiyaya da yawa su ma an kwashe musu shanu, wasu kuma 'yan sa-kai sun kashe su ba tare da bincike ba.

Matsayin iyaye

Uban da ya hana ɗansa zuwa ruga ba lallai ne ƙiyayya ta sa shi ba. Babban abin tsoro shi ne a kira yaron "infoma", wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, zargin da kan jawo duka ko kisa. Iyaye Fulani su ma kan hana 'ya'yansu shiga gari, kada a kama su saboda kamanninsu ko lafazinsu. Sai dai yaro ba ya jin dalili, umarnin kawai yake ji, ya taso yana ɗaukar cewa ƙabilar ce abin gudu.

Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Gordon Allport, ya bayyana a 1954 cewa cuɗanya tsakanin ƙungiyoyi na rage ƙyama idan ana yi bisa daidaito, da manufa ɗaya, da goyon bayan shugabanni. A yankin, makarantun firamare da na Islamiyya ne suka fi kusa da cika waɗannan sharuɗɗan, kuma da yawa daga cikin na ƙauyuka sun rufe a shekarun da hare-hare suka tsananta.