Wahalolin Da Ke Fuskantar Masu Ƙananan Masana'antu A Kano

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya zaga unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa a birnin Kano zai ga manyan gine-gine da dama a kulle, musamman masaƙun da a da suke ɗaukar dubban ma'aikata. Waɗanda suka rage suna ba matasa aiki galibi masu ƙananan sana'o'i ne, watau masu gidajen burodi, da masu injin casar shinkafa da matsar man gyaɗa, da masu yin takalman roba, da teloli masu yara goma ko ashirin. Irin waɗannan mutane su ne ke riƙe da abincin gidaje masu yawa, amma nauyin da ke kansu ya yi tsanani ainun tun daga shekarar 2023.

Matsala ta farko ita ce wutar lantarki. A watan Afrilu na 2024 hukumar da ke kula da farashin wuta ta ninka kuɗin da masu rukunin farko ke biya fiye da sau uku, har ya kai Naira 225 a kan kowane ma'auni, bisa alkawarin za a ba su wuta awa 20 a rana. A watan Oktoba na wannan shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Mai injin da ya dogara da janareta bai tsira ba, domin litar man dizal ta haura Naira 1,000. Idan babu wuta injin ya tsaya, amma albashin ma'aikata da kuɗin haya ba su tsayawa.

Ta biyu ita ce tsadar kayan aiki. Ran 29 ga watan Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, kuɗin dakon kaya ya tashi nan take. A watan Yuni kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar Amurka wadda gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta wuce Naira 1,500 a farkon 2024. Mai gidan burodi da fulawarsa ta alkamar ƙasashen waje ce, da mai takalman roba da ke sayen sinadaran da aka shigo da su, duk sun ga jarinsu ya ragu alhali kuwa ba su ci ko kwabo daga ciki ba. Idan suka ƙara farashi masu saye su janye, idan suka bari su faɗi.

Neman rance ma bai zo da sauƙi ba. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuwa su kan ɗora nasu a kai, sa'an nan su nemi jinginar takardar fili. Bugu da ƙari, 'yan kasuwa da yawa a nan Arewa suna ƙin bashi mai ruwa saboda addini. Bankin Jaiz wanda ya fara aiki a 2012 ya buɗe wata ƙofa, haka nan Bankin Masana'antu da hukumar SMEDAN, amma dukkansu suna neman rajista da littafin lissafi, abin da akasarin ƙananan 'yan kasuwa ba su ajiyewa. Da yawansu aljihu guda suke zuba kuɗin ciniki da na cefane.

Sai batun ma'aikata, wanda shi ne ya fi ɗaure kai. A watan Yuli na 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 daga Naira 30,000 na 2019. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Dokar fansho ta 2014 kuma ta ce maigida ya zuba kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Waɗannan dokoki an yi su ne domin kare talaka, kuma babu mai musun cewa ma'aikaci na cikin matsi. Amma suna iya sa mai ƙaramar masana'anta ya ƙi faɗaɗa aikinsa, ko ya koma ɗaukar 'yan aikin yini waɗanda ba su da takarda. Wanda doka ba ta hau kansa ba ma yana fama, domin yaron da ya koya wa aiki shekara uku ya kan tafi tuƙin Adaidaita Sahu idan albashi bai isa kuɗin mota da abinci ba.

Har ila yau akwai yawan haraji. Jami'an Tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma duk su kan zo ƙofa ɗaya, wannan da kuɗin allon talla, wancan da kuɗin shara ko na wurin kasuwanci. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 sun yi nufin rage wannan, tare da ɗauke wa ƙananan kamfanoni harajin riba. Amfaninsu zai dogara ne a kan yadda masu karɓa a ƙasa za su bi su.

Abin lura ga ma'aikatan gwamnati masu tsara manufofi, da ɗalibai masu shirin neman aiki, shi ne gwamnati ba za ta iya ɗaukar kowa ba. Mai ƙaramar masana'anta yana haƙa rijiyarsa, ya sayi janaretansa, ya biya maigadinsa, sa'an nan ya biya haraji. Kowace Naira da ta tafi nan, an cire ta ne daga albashin da zai ba wani sabon ma'aikaci. Su ma masu sana'ar ya kamata su yi rajista, su riƙe lissafi, su haɗa kai cikin ƙungiyoyi domin sayen kaya da neman rance tare.