TECNO KO SAMSUNG: YADDA ILIMIN KIMIYYA KE TAIMAKON MAI SAYEN WAYAR SHAFA

Gabatarwa

A watannin farko na shekarar 2023, lokacin da aka sauya fasalin takardun Naira har kuɗi suka yi ƙaranci a hannun jama'a, mutane da yawa a garuruwa irin su Karofi da Dutsin-Ma da Kurfi sun gane cewa amfanin wayar hannu ya wuce gaisawa da 'yan'uwa. Mai sayar da hatsi ba ya sakin buhu sai ya ga alat ya shigo, mai shago kuma ba shi da hanyar biyan dilansa na Kano sai ta taransifa. Saboda haka wanda zai sayi babbar waya a yau jarinsa yake ɗorawa a kanta, domin kuɗinta kan kai na buhunan masara, kuma a cikinta ne asusunsa na banki yake kwana.

Tambayar da aka fi ji a bakin shagon masu waya ita ce, Tecno ko Samsung? Wannan maƙala za ta ɗauki waya guda daga kowane kamfani ta auna su, wato Tecno Spark 20 Pro da Samsung Galaxy A15 mai 4G, waɗanda suka fito a ƙarshen 2023 kuma ajinsu ɗaya. Wasu sababbi sun biyo bayansu, amma ma'aunin da za a yi amfani da shi a nan zai yi aiki a kan kowace waya.

Asalin kamfanonin biyu

Samsung kamfanin Koriya ta Kudu ne da aka kafa a 1938. Da cinikin kayan abinci ya fara, daga baya ya shiga ƙera kayan lantarki, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera waya a duniya. Tecno kuwa ta kamfanin Transsion ce na ƙasar Sin, wanda ya fara a 2006, kuma shi ne mai Infinix da itel. Tun da wuri Transsion ya fuskanci kasuwar Afirka. Ya lura cewa mutane na yawo da layi biyu saboda matsalar sabis, sai ya yawaita wayoyi masu ɗaukar sim biyu. Ya lura da ƙarancin wutar lantarki, ya ba batir muhimmanci, sannan ya gyara kyamararsa yadda za ta fito da fuskar baƙar fata sosai. Zuwa 2017 ya zarce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar.

Yadda fuskar waya ke jin yatsa

Kafin a shiga bambancinsu, ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ya sa ake kiran su wayoyin shafa. A ƙarƙashin gilashin fuskar waya akwai wasu siraran layuka na wani sinadari mai ɗaukar lantarki wanda haske ke ratsawa, shi ya sa ido ba ya ganinsu. An shimfiɗa su ne kamar saƙar tabarma, wasu a tsaye wasu a kwance, kuma a kowace mahaɗa akwai ɗan cajin lantarki da ke tsaye. Jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki saboda ruwa da gishirin da ke cikinsa. Idan yatsa ya taɓa gilashin, sai ya sauya yawan cajin da ke mahaɗar da ya kusanta, nan take wata 'yar na'ura da ke zagaya layukan sau da yawa a cikin daƙiƙa guda ta gane wurin da aka taɓa.

Wani injiniya ɗan Ingila, E. A. Johnson, shi ne ya fara bayyana wannan dabara a 1965, amma ba ta zama ruwan dare ba sai bayan da kamfanin Apple ya fito da iPhone a 2007. Wayoyin nan biyu da ita suke aiki. Wannan bayani shi ne amsar abubuwa biyu da kan ba mutane mamaki. Idan hannu ya jiƙe, waya kan riƙa buɗe abubuwa da kanta, domin ruwa ma yana ɗaukar lantarki, sai ta ɗauka yatsa ne. A lokacin hunturu kuwa, idan fata ta bushe ta yi kanta, wani lokaci sai an maimaita shafa kafin ta amsa.

Malami na iya gwada wannan a aji. A taɓa fuskar waya da ƙasan fensir na katako, sannan da murfin biro na roba, sannan da bayan cokalin ƙarfe da aka riƙe a hannu, ɗalibai su faɗi wanda ta amsa wa da dalilin haka.

Inda suka yi tarayya

Abin da masu gardama a kan wayoyin nan ba su cika sani ba shi ne ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ce. Dukkansu suna ɗauke da furosesa mai suna Helio G99, ƙirar kamfanin MediaTek na Taiwan, mai ɗakunan lissafi 8: biyu masu ƙarfi don aiki mai nauyi, shida masu tattalin wuta don aikin yau da kullum. Wato injin ɗaya ne aka ɗora wa jiki biyu. Har ila yau, dukkansu da manhajar Android suke aiki, suna ɗaukar sim biyu, kuma ana buɗe su da zanen yatsa.

Batirinsu ma girma ɗaya ne, mAh 5,000. Wannan lamba tana nuna yawan cajin da batir ke iya riƙewa, kamar yadda ake auna randa da tulu. Idan aka juya ta zuwa ƙarfin wuta, ta kai kimanin abin da zai kunna ƙwan lantarki mai wat 10 na kusan awa biyu. Bambancin yana wajen cikawa: Tecno tana karɓar wat 33, Samsung wat 25. Ga mutumin da wutarsa ke zuwa ta ɗauke ba sallama, ko mai kai waya wurin masu caji da janareto ko sola, wannan rata tana da amfani, sai dai ba a samun ta idan ba da cajar da ta dace ba. Tecno kan zo da cajarta a kwali, a kasuwanni da dama kuwa Samsung waya da igiya kawai take sakawa, sai mai saye ya nemi kan caja daban. Bugu da ƙari, zafi shi ne babban abokin gabar batirin litiyom, don haka barin waya a rana a watan Afrilu, ko yin caji a ƙarƙashin matashi, yana rage mata kwana ko wace iri ce.

Inda suka rabu

Bambanci na farko shi ne fuska. Ta Tecno inci 6.78 ce, ta Samsung inci 6.5, idan aka auna daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma kowace tana da ɗige-ɗigen haske kimanin miliyan biyu da rabi. Amma yadda suke samar da hasken ya bambanta. Tecno tana amfani da LCD, wato akwai fitila guda a baya da ke haskawa muddin fuskar na kunne, ɗige-ɗigen kuma kamar tagogi suke, suna buɗewa suna rufewa don su bar haske ya wuce. Samsung tana amfani da AMOLED, inda kowane ɗigo fitilar kansa ce. Idan ana son baƙi, sai ɗigon ya mutu gaba ɗaya. Shi ya sa launinta ya fi kaifi, kuma wanda ya mayar da fuskarta baƙa yana rage shan batir. A nata ɓangaren, fuskar Tecno tana sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, ta Samsung sau 90, don haka jan rubutu sama da ƙasa ya ɗan fi santsi a Tecno.

Na biyu shi ne kyamara, kuma a nan ne lambobi suka fi ruɗar mai saye. A kwalin Tecno an rubuta megafiksel 108, a na Samsung 50. Megafiksel ɗaya na nufin ɗigo miliyan guda masu tarar haske. To amma wurin da ake jera su a cikin waya bai kai faɗin farce ba, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon ƙanƙantarsu, ƙaramin ɗigo kuwa haske kaɗan yake tara, kamar ƙoƙon da aka tara a ruwan sama. Don magance haka, waya kan haɗa ɗigo 9 ko 4 su zama guda. Idan aka raba 108 gida 9 za a sami 12, idan aka raba 50 gida 4 za a sami 12 da rabi. Ashe hoton da suke ɗauka a yau da kullum girmansa kusan ɗaya ne. Bambancin da ido zai gani yana wasu wurare: kyamarar gaba ta Tecno megafiksel 32 ce, ta Samsung 13, ita kuma Samsung tana da ƙarin kyamara mai faɗin gani wadda ke iya ɗaukar shago ko aji gaba ɗaya daga kusa.

Na uku shi ne wurin ajiya. Waya tana da rumbu, inda hotuna da littattafai ke zama, ana kuma auna shi da gigabait. Tana kuma da abin da ake kira RAM, wanda ya yi kama da tabarmar da ɗan kasuwa ke baza kayan da yake ciniki a kansu a lokacin. Spark 20 Pro ta zo da rumbu mai gigabait 256 da RAM 8. Galaxy A15 kuwa iri-iri ce, daga mai 128 da RAM 4 zuwa mai 256 da RAM 8, kowace da kuɗinta. Idan aka ga an rubuta 8+8 a kwali, rabi na biyun aro ne daga rumbu, kuma ba ya sauri kamar na ainihi. Mazauna wannan yanki sun san darajar rumbu, domin a watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, har tsawon watanni. A wannan lokaci abin da mutum ya riga ya ajiye a wayarsa shi kaɗai ya amfane shi.

Tsaro da gyara

Akwai wani bambanci da ba a gani da ido, alhali shi ya fi shafar ɗan kasuwa. Manhaja kamar katangar gida take, a kai a kai ana gano ɓaraka a jikinta, masu kutse kuma ɓarakar suke nema. Kamfani kan aiko da gyara ta intanet don toshe ta, kuma ranar da ya daina aikowa katangar ta fara zubewa ke nan, ko da wayar tana sheƙi. Samsung ta fito da Galaxy A15 a kan Android 14 tare da alkawarin sabunta manhajar sau 4 da aiko da gyaran tsaro na shekara 5. Spark 20 Pro a kan Android 13 ta fito, ba tare da alkawari mai tsawon haka ba. Ga wanda ke son riƙe waya shekaru da dama yana shigar da kuɗi yana fitarwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kuma a wajen gyaran jiki lissafin yakan juya. Gilashin AMOLED ya fi na LCD tsada, saboda haka faɗuwa ɗaya a kan daɓe na iya cin wani kaso mai tsoka na kuɗin wayar. Kayan gyaran Tecno sun wadata a kasuwannin waya irin su Farm Centre da ke Kano, inda masu gyara na garuruwan arewa da dama ke saro kaya, kuma Transsion yana da cibiyoyin gyara na Carlcare a manyan birane.

Wace ta dace da wa?

Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ɗan kasuwar da wayarsa ita ce bankinsa, kuma yake son ta daɗe a hannunsa, ya fi kusa da Galaxy A15, amma ya guji mai RAM 4 idan yana da hali, ya kuma saya mata riga da gilashin kariya. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke tara littattafai da darussan bidiyo, ko mai tallar atamfa da turare a WhatsApp, ko mai ƙarancin lokacin caji, zai fi jin daɗin faɗin fuska da girman rumbu da saurin cikar Spark 20 Pro. Shi kuwa wanda kira da tura kuɗi kaɗai ne buƙatarsa, ya sani cewa lambobin banki masu farawa da tauraro suna aiki ko a ƙaramar waya, ba sai da data ba.

Kowace mutum ya zaɓa, akwai abubuwan da bai kamata ya bari ba kafin ya biya. Ya danna *#06# ya ga lamba mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, ya tabbatar ta yi daidai da ta jikin kwali, domin jabu da kayan sata suna yawo a kasuwa. Ya fito da wayar rana ya ga ko rubutu na karantuwa. Ya saka layin da ya fi sabis a garinsu ya gwada, ya kuma karɓi rasiti.

Kammalawa

Daga bayanin da ya gabata, an ga cewa wayoyin nan biyu ƙwaƙwalwa ɗaya gare su da batir mai girma ɗaya, sun rabu ne a irin fuska, da saurin caji, da tsawon kulawar kamfani, da kuɗin gyara. An kuma ga cewa babbar lamba a jikin kwali ba ita ce hujja ba sai an san abin da take aunawa. Ɗalibin da ya iya raba 108 gida 9 ya kuma fahimci dalilin rabawar, ya isa ya raka mahaifinsa shagon waya ya ba shi shawara.