Lakwal ta Gwamnati ko ta Kuɗi: Ina Za a Sa Yaro a Yamai?

Watan Oktoba ne ake buɗe lakwal. Lokacin nan manomi yana yankan hatsi, makiyayi yana jiran a saki gonaki. Amma akwai masu wata damuwa daban. Su ne waɗanda cin rani ya kai Yamai har suka kwashe iyali, da waɗanda suka ba ɗan'uwa riƙon yaro a birni don ya yi karatu. A ƙauye lakwal ɗaya ce, ba a gardama. A Yamai kuwa akwai ta gwamnati, akwai ta kuɗi. Dole uba ya zaɓa.

Lakwal ta unguwa

A Bukoki, da Lazare, da Talaje, da Gamkale, da Haro Banda can ƙetaren gulbi, ko'ina akwai lakwal ta gwamnati. Ba a biyan kuɗin karatu. Uba zai sayi allo da littafin rubutu, ya ba da ɗan abin da kwamitin lakwal ya yanke. Yaro yana zuwa da ƙafarsa.

A benci guda za a tarar da Bahaushe, da Bazabarme, da Bafillace, da Buzu, da Babarbare. Ɗan mai tallar ruwa yana zaune kusa da ɗan soja. Yaron da ya zo daga Dogon Dutsi ko Filinge, kafin shekara ta zagayo ya iya Zabarmanci, ya yi abokai, ya san gari. Wannan karatu ne da ba a rubuta shi bisa allo, amma zai yi masa amfani har tsufa.

Sai dai akwai wahala. Yara sun yi yawa, mushe ɗaya ba ya iya duba aikin kowa. Wasu azuzuwan na zana ne. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Peyi-Ba, yara wajen 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Iyaye ba su manta ba.

Lakwal ta kuɗi

Wannan iri-iri ce. Akwai ta ƴan mishan, akwai madarasa mai koyar da Larabci da Faransanci, akwai wadda wani mai hali ya buɗe. A masu kyau, yara ba su cika aji ba, kuma ana sa wa malamai ido. Amma akwai wadda gidan haya ce kawai aka shafa wa fenti, aka kafa allo a ƙofa.

Karatun firamare shekara 6 ne. A ce ana biyan jikka 50 a shekara. Shekara 6 jikka 300 ke nan. In yara 3 ne, jikka 900. Ba a sa tufafin lakwal da kuɗin mota ba. Wanda ya sayar da saniya ya biya na bana, da me zai biya na baɗi? In damana ta ƙi, aka kasa biya, sai a mai da yaro gida tsakiyar shekara. Ba saniya, ba karatu. Sau da yawa kuma ɗiya mace ake fara cirewa, alhali tun 2017 gwamnati ta yi doka a bar ɗiya mace a lakwal har shekara 16.

Gani ya kori ji

Kafin uba ya yanke shawara, sai ya taka da ƙafarsa. Ya ga darakta. Ya ƙirga yaran aji. Ya duba ko ginin ƙasa ne, ko siminti, ko zana. Ya tambayi maƙwabta ko malamai suna zuwa kullum. In ta kuɗi ce, ya tambaya ko gwamnati ta ba ta izini, a kuma rubuta masa dukan kuɗin shekara a takarda.

Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya fi samun sauƙi. Zai karanta takardar da kansa, ya yi lissafi, ya duba littafin ɗansa da dare.

Mai hali ya sa ɗansa inda ya ga dama. Wanda rumbunsa bai kai ba, kada ya ji kunya. Ya kai yaro lakwal ta unguwa, ya shiga kwamitin iyaye, ya riƙa zuwa taro. Daidai ruwa, daidai tsaki.